Rumanar Gindin Darni

Wata Asabar ce, washegarin ruwan shuka, a shekarar da na shiga aji huɗu na firamare. Ƙasa ta sha ta ƙoshi, ƙamshinta ya cika ƙauyenmu da ke kusa da Tsanyawa, duk wani namiji mai lafiya ya saɓi sungumi ya yi gona tun da sassafe. Ina tsakar gida ina wanke-wanke sai ga sallamar Kawu Ɗanladi, ƙanen Inna, wanda yake jan motar kayan gwari tsakanin Jos da Kano. Kawu bai taɓa zuwa mana hannu rabbana ba. Bayan ya sauke wa Inna dankalin Turawa, sai ya zaro wani ƙullin baƙar leda daga aljihu ya ajiye a kan tabarma. Inna ta kwance, ta ɗauki ɗaya daga cikin abin da ke ciki ta jujjuya, ta kai hanci, ta ce ita dai ba ta taɓa ganin albasa mai faɗin kai haka ba, kuma ko wari babu. Kafin Kawu ya sauke kwanon ruwa daga bakinsa har ta jawo wuƙa za ta gwada ta a miyar rana. Kawu ya ƙware, ruwa ya biyo ta hanci, ya ɗaga hannu yana tari. Da ya samu numfashi ya ce, "Yaya, ajiye wuƙar nan. Ba na miya ba ne, fure ne. Na Binta ne."

Ni ce Binta, kuma duk dangi sun san cutata. Ni ce yarinyar da za a aika ɗebo kuɓewa ta dawo da furenta a bayan kunne, wadda ta cika bangon ɗakin Inna da zanen furanni da gawayi har sai da ta sha ranƙwashi. Kawu ya ce masu lambun fure ne a Jos suka ba shi, wai Turawa suna kiransa giladiyolas, sai da ya murɗe harshe kafin sunan ya fita. Na tambaye shi yadda ake shuka shi. Ya ce a binne, tsinin ya kalli sama, sannan a jira. Iyakar saninsa ke nan. Kafin la'asar ya tafi, kuma ba mu sake ganinsa ba sai da rani ya yi nisa.

Binnewa abu ne mai sauƙi, wurin binnewar ne aiki. Wanda bai tashi a ƙasarmu ba ba zai gane yadda muke ji da ƙasa ba. Gona jingine take da gona tun daga bakin gari har iyakar ganinka, iyakar da ke tsakaninsu ba ta wuce layin gamba ko 'yan kututturen lalle ba. Hanyoyin ma an matse su, in jaki ya ɗauko mangalar taki sai ya riƙa gogar shuka hagu da dama. Babu wani fegi da ba shi da mai shi, babu kuma mai shi da bai san abin da zai saka a ciki ba tun kafin hadarin farko. Ƙasar da ta fi kowace daraja ita ce gonar bayan gida, domin ita ke shan toka da kashin awaki duk shekara. A tamu, Baba yana sa masara da gero a tsakiya, siririn layin da ke bin gindin darni kuma, wanda faɗinsa bai kai na tabarma ba, na Inna ne, nan take sa rama da yakuwa. A kan wannan layin idona ya faɗa.

Baba, wanda mutanen gari ke kira Malam Habu, ba mai yawan magana ba ne, kuma tambaya ɗaya yake yi wa kowace shuka a duniya. Na same shi da yamma ya dawo daga gona yana wanke ƙafa da buta, na durƙusa na buɗe ledar. Ya ɗauki ɗaya ya latsa da babban yatsa kamar mai sayen goro, sannan ya ce, "Me yake haifa?" Na ce fure. Ya ce ya ji, bayan furen fa? Wannan kam ban sani ba. Ya daɗe yana kallona. Daga ƙarshe ya ce in Inna ta yarda, ya ba ni rabin layin na damina ɗaya. "Amma ki ji da kyau. Ƙasar nan ba ta riƙon malalaci. Duk abin da aka binne a cikinta sai ya mayar da iri, ya ƙara da wani abu. In kaka ta yi bai mayar ba, baɗi rama ta koma wurinta." Inna ta yarda, amma ta rantse duk ranar da aka yi marmarin kwaɗon rama aka rasa, furena za ta kwaɗanta mini.

Da safe na ɗauki wata tsohuwar fartanya mai karyayyiyar ƙota na yi shuka. Ni dai na taɓa ganin albasa a fadama, kanta rabi a waje, don haka na ɗan tona kaɗan na ɗora kowanne, na yayyafa ƙasa a kai yadda tsinin zai riƙa leƙo ni. Na sari ƙaya na kewaye saboda kaji, na yi wa kaina hidimar da ba wanda ya sa ni. Ayyukan gida kuwa ba su ragu ba don na zama mai lambu. Da asuba in share tsakar gida, in ja ruwa a rijiya in cika randa, in kai wa Baba da yayana Sale koko a gona in babu makaranta, da yamma in yanko wa awaki ciyawa, tunda da damina a turke suke, wanda ya saki tasa ta shiga gonar mutane sai ya je gaban mai unguwa. Amma kafin kowane aiki da bayansa sai na zaga bayan gida na tsuguna. Sale ya laƙaba mini Hajiya mai lambu. Kullum in ya wuce sai ya tambaya ko albasar tawa ta aiko da saƙo.

Wata safiya ta aiko. Wani koren tsini ya ɓullo kamar bakin wuƙa, washegari wani, kafin mako ya zagayo duk layin ya tashi. Ganyen bai yi kama da na komai da muka sani ba, miƙaƙƙe ne mai kaifin gefe, ɗaya yana fitowa daga cikin ɗaya. A makaranta na ishi ƙawayena da labari. Muna carafke a gindin darbejiya lokacin tara, ina watsa duwatsu ina ba su labarin kalar da furen zai yi, alhali ni ma ban taɓa ganinsa ba. Wata rana in ce ja, wata rana in ce kore da ɗigon zinare, duk wadda ta ƙaryata ni in ce ba za ta shiga bayan gidanmu ba. Ko gaɗa aka fita da yamma, ana cikin tafi zan sulale in tafi duba ko akuyar wani ta tsinke.

Aka yi noman firi, wato na farko, aka yi maimai, gero ya kai kafaɗar mutum. Tawa shukar ta kai mini ƙugu, daga tsakiyar kowace wata doguwar zangarniya ta fito da ƙulle-ƙulle jere a jikinta. Sai wata la'asar hadari ya haɗo daga gabas da iska mai tsananin ƙarfi, irin wadda ke kwashe jinkar ɗaki. Da ruwa ya ɗauke na ruga bayan gida. Masarar Baba tana tsaye, geronsa yana tsaye, nawa kuwa duk sun kwanta a cikin taɓo, wasu har kan da na binne ya fito waje, saiwoyi suna kallon sama. Na yi ƙoƙarin tayar da ɗaya ya sake faɗuwa. Na yi kuka ranar har tuwo ya gagare ni, washegari na tafi makaranta da kumburarrun idanu.

Da aka tashi na dawo, na zaga don in kwashe gawarwakin, sai na tarar da su a tsaye. An yi musu huɗa kamar yadda ake yi wa gero, an tara ƙasa a gindin kowanne har ta rufe kan da kyau, an kafa karan dawa a gefe an ɗaure zangarniyar da zaren kaba, ɗaurin da bai matse ba bai kuma yi sako-sako ba. Ban tambayi kowa ba. Duk garin an san huɗar Baba, gefenta sumul kamar an yi yaɓe. Na same shi a zaure yana gyaran ƙotar garma, na durƙusa na yi godiya. Bai ɗago ba. Ya ce shi ba don furena ya yi ba, mutane suna wucewa ta bayan gidan nan, kada a ce Habu ya bar shuka a kwance a gonarsa. Can kuma ya ƙara da cewa, "Wa ya koya miki ɗora iri a saman ƙasa kamar kaza ta saki ƙwai? Abu mai tsayi, zurfi yake so."

Furen farko ya buɗe wata Juma'a, daga can ƙasan zangarniya, ja wur, bakinsa a buɗe kamar ƙaramin kakaki. Washegari na samansa ya buɗe, haka suka riƙa hawa kullum har suka kai ƙololuwa. Wani ya fito ruwan hoda, wani fari tas, wani ruwan ɗorawa da jan maƙogwaro. Ban taɓa jin daɗi irin na makonnin nan ba, har yau ban ji ba. Na riƙo hannun Iya, mahaifiyar Baba, wadda idonta ya fara rauni, na kawo ta gindin darni. Ta sunkuya har hancinta ya kusa taɓa furen, ta shafa ganyen, sai ta yi dariya ta ce, "Ke da Turancinki. Ai rumana ce, ta ci ta ƙoshi." Ta ce suna 'yan mata, lokacin da akwai sauran daji tsakanin garinmu da na gaba, irinta ƙanana suna fitowa da damina a cikin ciyawa, su tsinka su soke a kitso in za su kasuwa. Da aka nome dajin kaf sai ta daina ganinta, har ta manta da akwai ta. Tun daga ranar sunan Kawu mai murɗe harshe ya ɓace, kowa ya koma cewa rumanar Binta.

Labari ya zaga gari. Matan aure ba sa fita da rana, sai suka riƙa aiko yara, wai a taimaka musu da ko guda ɗaya su gani da idonsu. 'Yan matan da na ce ba za su shiga ba suka yi layi suna leƙe ta ramukan darni. Malaminmu ya sa na kawo zangarniya ɗaya, ya saka ta a kwalba a kan tebur, ranar duk aji aka yi zanenta, ni kuwa kaina kamar ya taɓa rufi. Inna ta shinshina ta ce abin mamaki, ba ƙamshi, ba miya, sai kyau kamar amaryar da ba ta iya tuwo ba, amma na kama ta tana shanya a bayan gida, inda ba ta taɓa shanya ba. Baba ne ya sha wahala. A majalisar ƙofar masallaci abokansa suka sa shi gaba, wai Malam Habu ya gama da gero ya koma noman kwalliya, baɗi sai ya shuka gazal da jan baki. Ba ya tanka musu. Sai dai na lura in ya zaga da buta da safe, yana daɗewa fiye da yadda ya saba.

Ashe jira yake yi, kuma ba shi kaɗai ba. A wurinmu fure alkawari ne kawai. Furen kuɓewa ya faɗi, kuɓewa ta fito, na wake ya faɗi, wake ya fito, ba wanda ya taɓa ganin shukar da za ta yi fure ta ce ta gama aikinta. Duk wanda ya zo kallo, bayan ya yaba, sai ya tambaya yaushe za ta fara 'ya'ya, kuma dafawa ake yi ko ɗanye ake ci. Furannin suka fara yaushi daga ƙasa kamar yadda suka buɗe, suka yi baƙi suka zube. A gurbin wasu, 'yan ƙananan kwanso suka fito, na ɗora duk begena a kansu. Da suka bushe, Baba ya tsinki ɗaya ya murje a tafin hannu. Babu komai a ciki sai wasu 'yan falle-falle marasa nauyi. Ya hura, iska ta tafi da su, ya kakkaɓe hannu ya ce, "Ƙaiƙayi."

Ranar na san an gama da ni. A tunanina abin da na binne ya narke a ƙasa kamar yadda ƙwayar gero ke narkewa in ta tsiro, ga shi saman bai ba da komai ba, Kawu kuma yana can inda ba a san ranar zuwansa ba. Ko da Baba zai yafe mini layin, ba ni da abin da zan saka. Sale ya zo da lauje zai yanke ganyen ya ba awaki, tunda a cewarsa ko su su mori wani abu, ni kuwa ko hana shi ban iya yi ba. Baba ne ya tsayar da shi daga bakin ƙofa. Ya ce, "Kaka na ce. An yi kaka?" Sale ya mayar da laujensa. Baba bai yi haka don yana sa ran komai ba, shi dai mutum ne da in ya yanka wa'adi ba ya ragewa ba ya ƙarawa. Haka ganyen ya zauna yana rawaya yana bushewa a hankali, aka ci tumu, aka yanke gero, aka karya masara, ni kuwa na daina zagawa bayan gida sai dole.

Washegarin da aka gama cirar gyaɗa, Baba ya ɗauki fartanya ya ce in biyo shi da kwando in kwashe busasshen ganye, zai gyara wa Inna layinta. Na bi shi ina jan ƙafa. Ya tsaya a farkon layi ya yi bismilla ya kai sara, ya jawo ƙasa, sai wani abu ya mirgino ya tsaya a kan ƙafarsa. Ya dakata. Ya ajiye fartanyar ya tsuguna, ya ɗauka ya marmashe ƙasar da ke jikinsa. Kan rumana ne, sabo fil, ya fi wanda na binne girma da nauyi, ɓawonsa yana sheƙi. Ya juya shi. A ƙarƙashinsa ga tsohon nan da Kawu ya kawo, ya motse ya yi baƙi kamar busasshen goro, sabon yana zaune a kansa. A zagaye da su kuma wasu 'yan ƙanana ne birjik kamar aya, manne da gindin. Baba bai sake ɗaukar fartanya ba. Da hannu ya tona na biyu, ya sami manya guda biyu a gurbin ɗaya. Ya bi layin a tsugune yana tonawa da yatsu, yana tsince har 'yan mitsi-mitsin, yana zubawa a kwandon da na kawo don shara. Da ya kai ƙarshe ya zauna a ƙasa, abin da ban taɓa gani ya yi a gona ba, ya yi dariya har haƙoransa na ciki suka fito. "Ashe ɗan gidan su gyaɗa ne. Mu muna ta kallon sama, shi yana aikinsa a ƙasa." Ya dube ni ya ce, "Ya mayar da iri, Binta. Layin naki ne."

Shi da kansa ya shanya su a inuwa, ya ɓalle tsofaffin daga gindin sababbin. Ya sa na tankaɗo toka mai sanyi daga murhun Inna, ya jera su a cikin wata tsohuwar tukunya, toka da rumana, toka da rumana, ya rufe bakin da sakaina ya liƙe da taɓo kamar yadda yake yi wa irin wake. Ya ɗora tukunyar a rumbu kusa da irin geronsa, wurin da ko Inna ba ta sa hannu. Da ruwan shuka ya sauka baɗi, bai bar ni na taɓa fartanya ba. Da sungumi ya sara ramukan, masu zurfi, a jere kamar an ja igiya, ni ina binsa ina sakawa tsini sama. A majalisa kuwa, wanda duk ya sake tsokanarsa, sai Baba ya tambaye shi ko geronsa ya taɓa yin kwalliya a sama ya kuma haihu a ƙasa. Ramar Inna aka mayar da ita gefen masara, ta yi mita ta gaji.

Yanzu a birni nake zaune. Gonar bayan gidanmu ta zama ɗakunan bulo na 'ya'yan Sale, inda darni yake katangar siminti ce. Shekarar da Baba ya rasu, da aka buɗe rumbu, an sami tukunyar a wurinta kusa da irin gero, bakinta a liƙe, da shatin yatsunsa a jikin taɓon. Ita kaɗai na roƙa, ba wanda ya yi mini gardama. Jikokin kawunan rumanar da ke cikinta ne nake sakawa duk damina a ɗan siririn wurin da magina suka bari tsakanin dandamali da katangar gidana. In sun yi fure yarana sukan fito da waya su ɗauki hoto, amma ranar tono ni kaɗai nake tsugunawa. Nakan juya kowane sabon kai in dubi tsohon da ya motse a ƙarƙashinsa, in daɗe ina riƙe da shi kafin in ɓalle. Allah ya jiƙan Baba, shi ma ya mayar da iri.